Wa zai riƙe shi baɗi?

Kawuna ɗan kasuwar riɗi ne da zoɓo. Sitonsa yana wani gari tsakanin Gumel da Maigatari, ni kuma nake riƙe masa littafi tun da na gama difloma na dawo gida. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, yaransa kan fita tun asuba da kuɗi a aljihu, su dawo bayan magariba da buhuna a mota da lissafi a ka. Ranar Lahadi wasunsu su nufi Gujungu. Abin da aka tara a mako biyu ko uku sai a shiƙe, a tankaɗe, a ɗora a sikeli, a yi lodi zuwa Dawanau, inda masu kai kaya ƙasashen waje ke karɓa. A ƙauye da kwano muke saye, a Kano da kilo muke sayarwa, kuma duk ciwon kan da littafin nan ya taɓa sa mini daga tsakanin waɗannan biyun ya fito.

A 2021 wani abokina da ya yi karatun kwamfuta a Kazaure ya ɗora mini Odoo a wata kwamfuta 'yar gwanjo da muka jona da sola. Manhaja ce ta tafiyar da kasuwanci: saye, sayarwa, kayan sito, bashi, duk a wuri guda. Wani ɗan Beljiyam, Fabien Pinckaers, ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, daga baya ta koma OpenERP, a 2014 kuma ta ɗauki sunan da take da shi yanzu. Tun 2015 ta rabu gida biyu. Akwai ta kuɗi, akwai ta jama'a wadda rubutun cikinta a buɗe yake, kowa na iya saukewa, ya karanta, ya gyara. Ta jama'ar muka ɗauka, siga ta 14. Da na gaya wa Kawu ko sisi ba a biya ba, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Banza ba ta kai zomo kasuwa," in ji shi. "Su masu yin ta, wa ke ciyar da iyalinsu?"

Na ce, "Kawu, ku dai bari mu gwada." Gaskiyar magana ba ni da amsa a ranar.

Cikin mako na farko muka ci karo da awo. A lokacin manhajar ta raba ma'aunai gida-gida. Kilo da tan gidansu ɗaya, lita da danginta gidansu daban, ƙidaya ma haka. A cikin gida ɗaya tana juya wannan zuwa wancan ba gardama, amma ba ta tsallake katanga. Kuma tana da gaskiya, don kwano wuri yake aunawa. Kwanon gero kusan kilo 2 da rabi ne, shi ya sa ake cewa buhu kwano 40. Kwanon riɗi bai kai haka ba, na zoɓo kuwa ko kusa, ya cika wuri ba nauyi. Ga kuma hannun mai awo: wani ya cika har ya yi tozo ya tare da hannu, wani ya share baki. Mu da muke ganin mun iya, sai muka farke cikin manhajar muka tilasta mata. Abokina ya canza rubutunta na asali a wurare da dama har kwano ya shiga gidan kilo. Da muka ga abin ya yi, sai muka ƙara da kuɗin kafin alƙalami da ake ba yaran Kawu kafin su fita, da la'adar dillali, da kuɗin dako da na ɗinki. Duk a cikin uwar manhajar muka cusa su, ba mu rubuta abin da muka taɓa a ko'ina ba.

Kusan shekara biyu tana aiki lafiya lau. Kawu ma bai damu da ita ba sai farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardun naira suka ɓace daga kasuwa. Saye ya koma tiransifa da masu POS, kuɗi ya riƙa fita ta asusu huɗu a rana guda, lissafin ka ya gaza. A watannin nan ne ya fara shigowa ɗakina da dare yana cewa, "Kai, buɗe mini abin nan naka, nawa ne a hannun wane?"

Odoo kan fitar da sabuwar siga kowace shekara wajen Oktoba, kuma a lokacin uku na baya-bayan nan kawai ake kula da su. Siga ta 16 ta fita a 2022, wato idan ta 17 ta zo, tamu ta 14 ta fita daga layi. Muka ce bari mu yi ƙaura tun da wuri. Nan muka ɗebo da zafi. Duk abin da muka cusa a ciki ya zube, don sabuwar sigar ba ta san da shi ba. Kayan sito suka fito da lambobin da ba su da kai balle gindi. Allah ya taimaka a kwafi muka gwada. Kwana tara muna bin rubutun layi-layi muna tambayar juna, "Wannan mu muka sa ko haka ya zo?" Laifin ba na kowa ba ne sai namu.

A wannan neman mafita ne abokina ya gano ba mu kaɗai ba ne a yankin. Akwai wani malamin Hausa a Gumel da ke riƙe lissafin ƙungiyar ajiya da rance ta malamai da ita. Akwai wata Hajiya 'yar Haɗeja, akanta a wani injin casar shinkafa. Akwai wani mutumin Ringim da ke ɗora wa masu kemis da manyan shaguna ita yana karɓar kuɗin aiki. Kowannenmu ya yi irin wannan ɓarnar a nasa ɗakin. Muka sa rana bayan ƙaramar sallah, ƙarshen Afrilu, muka haɗu a wani aji na makarantar da Malam ke koyarwa, bazara na dukan kwano kamar za ta narka shi.

Malam ya ce kowa ya faɗi abin da yake so manhajar ta yi masa, shi kuma yana rubutawa a allo. Kafin azahar buƙatu 11 sun jeru. Da muka dawo daga salla sai ta bayyana cewa gardamar ta fi ƙarfin jerin, don ba mu ma yarda da inda muka dosa ba.

Mutumin Ringim raba gari yake so. Mu kwashi manhajar gaba ɗaya, mu sa mata sunan Hausa da tambarinmu, mu kulle rubutun, mu riƙa sayarwa shekara-shekara daga Kano har Maraɗi. "Zanen aro ba ya rufe katara," ya ce. "Sai yaushe za mu riƙa jiran wasu su yanke mana abin da za mu yi a watan goma?" Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Shi kaɗai ne a cikinmu da wannan aiki ke ciyar da gidansa, kuma ya san kasuwa.

Abokina ne ya warware masa zancen lasisi, a hankali, don shi ma bai daɗe da fahimta ba. Uwar manhajar tana ƙarƙashin LGPL, wanda ya yarda mutum ya rubuta nasa ƙarin a gefe ya kulle ya sayar. Amma rahotannin akanta da dukanmu muka jingina da su, babban littafi da jerin masu bashi gwargwadon daɗewar bashinsu, ba daga kamfanin Odoo muka samo su ba. Daga OCA suke, wato ƙungiyar jama'ar Odoo, wadda ba ta neman riba kuma rajistarta a Suwizalan take. Yawancin kayanta AGPL ne, shi kuma sharaɗinsa duk wanda ya yi gini a kai ya ba mutane su yi amfani, ko ta intanet ne, dole ya buɗe musu rubutun. To ko da babu batun lasisi, na ce da shi, "Yaya, mu biyu mun raba garin nan a ɓoye, kuma kwana tara muka yi muna kuka. Abin da ɗaruruwan mutane ke ɗauka kowace shekara, mu biyar za mu ɗauka?"

Malam kuwa fassara yake so, daga farko har ƙarshe. Ya ce abin kunya ne harshe mai miliyoyin masu magana a ce ɗan kasuwa sai ya nemi ɗan boko kafin ya ga lissafin dukiyarsa. Har ya fara, ya zo da littafi cike da kalmomi. Abokina ya buɗe masa fayilolin fassarar ya ga layuka dubbai, kuma kowace siga sai wasu sun canza. Bai karaya ba. Ya ce ai dutse ma da tsinke ake fara haƙarsa.

Hajiya ba ta ce komai ba sai a nan. Ta ce, "Malam, a wurinmu duk wanda ke zama gaban allon kwamfutar yana karanta Turanci daidai gwargwado. Wanda ba ya karantawa, ba ya taɓa ta ma. Abin da ke isa hannunsa takarda ce: rasit, takardar karɓar kaya, takardar bashi. Manomin da ya kawo mana shanshera, ita yake kai wa gida ɗansa ya karanta masa. A fara da abin da ake bugawa." Sannan ta miƙe ta karɓi alli daga hannunsa, ta ja layi biyu a gefen jerin.

"Tambaya ɗaya gare ni," ta ce. "Kowanne a cikin sha ɗayan nan, wa zai riƙe shi baɗi? Yin sa mai sauƙi ne, kowa zai yi don ɗoki. Idan sabuwar siga ta fito ya karye, wa zai zauna ya ɗora shi? A rubuta suna. A rubuta na biyu kuma, don mutum kan yi tafiya, kan yi ciwo, kan yi aure."

Aji ya yi tsit. Abin da kowa ke ta ɗaga murya a kai da safe, yanzu an ce ya sa sunansa, sai ga mutane suna duban silin. Har da ni. Na so a yi mini abin lissafin sefa, don 'yan Nijar da ke kawo mana kaya wani lokaci da ita suke so a biya su, kuma farashin canji na bakin kasuwa kan motsa tsakanin hantsi da la'asar. Ba wanda ke buƙatarsa sai ni, ni kuma na riga na sa sunana a awo. Hajiya ta goge shi da tafin hannu ina kallo. Haka aka goge aika saƙon tunin bashi ta waya, aka goge manhajar wayar hannu da mutumin Ringim ya yi ta kwaɗaita mana. Uku suka tsira. Awo, ni da Hajiya, don ita ma da buhu take saye da kilo take sayarwa. Littafin kafin alƙalami, abokina, ni na biyu. Takardun bugawa da Hausa, Malam, mutumin Ringim na biyu, kuma sai da aka roƙe shi.

Kafin mu tashi Malam ya rubuta abin da muka amince a bayan wata takardar jarrabawa. Ba mai sake taɓa uwar manhaja, duk ƙari a gefe za a gina shi. Kafin a rubuta komai a duba ko wani ya riga ya yi. Abin da zai amfani ɗan kasuwa a ko'ina a miƙa shi OCA, abin da namu ne kaɗai ya zauna a wurinmu a buɗe. Sai na ƙarshe, wanda ni na kawo kuma har yau shi na fi alfahari da shi: ba ƙaura da kaka. Watan da sabuwar siga ke fita shi ne watan da riɗi ke shigowa, zoɓo na biye da shi, Hajiya ma lokacin injinta ba ya hutawa. Masu manhajar kalandarsu daban, tamu daban. Muka ce za mu riƙa tashi tsakanin Fabrairu da Mayu, sau ɗaya a siga biyu, wanda har yanzu yana cikin ukun da ake kula da su. Ya kuma ba 'yan OCA lokaci su gama ɗauko kayansu zuwa sabuwar sigar kafin mu iso.

A Mayu muka yi ƙaurar da kayan aikin OCA mai suna OpenUpgrade. Ba ya tsallake, sai ka bi ta 15 kafin ka kai 16, amma wannan karon mun share ɓarnarmu tukuna, sai abin ya tafi.

A lokacin ne na zauna na karanta yadda ƙungiyar take tafiya, har na samo wa Kawu amsarsa bayan shekara biyu. Mambobi na biyan kuɗin shekara, akwai wakilai, wakilan ke zaɓen shugabanni. Kowane fanni, kamar sito ko akanta ko sayarwa, yana da ɗan kwamitinsa mai ikon shigar da gyara. Amma ba mai raba wa kowa aiki. Yawancin masu rubutun ma'aikatan kamfanoni ne da ke ɗora wa 'yan kasuwa manhajar a ƙasashensu. Idan abokin cinikinsu ya biya an yi masa wani ƙari, sai su kawo shi tsakar gida, don baɗi kada nauyin ɗora shi ya zauna a kansu su kaɗai. Da na gama bayani Kawu ya ce, "To ai gayya ce. Ka faɗa mini haka tun farko mana." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara, "Sai dai ka sani, wanda ba ya zuwa gayyar mutane, ranar tasa shi da 'ya'yansa za su yi noma." Na yi dariya na wuce. Da na ji da kyau da na rage wa kaina wata shida.

Kafin a karɓi ko layi ɗaya daga hannunka sai ka sa hannu a wata takardar yarjejeniya, cewa rubutun naka ne kuma ka yarda ƙungiyar ta yi amfani da shi. Akwai ta mutum ɗaya, akwai ta kamfani. Na buga tawa a wani shagon kwafi a Gumel, na sa hannu, na aika. Wannan bai ɗauki komai ba.

Sai na miƙa abin kwanona a GitHub, inda rubutun nasu yake. Na sake gina shi a gefe, tsaf, ina ji da shi. Kafin mutum ya duba, inji ke fara dubawa, kuma cikin minti kaɗan ya dawo mini da jan gicciye. Tsarin rubutun bai bi ƙa'idarsu ba, babu bayanin yadda ake amfani da shi, babu gwajin da zai nuna yana aiki. Wannan na ƙarshen ban taɓa yi ba a rayuwata: ka rubuta wani ɗan rubutu da zai sayi kwano 40 na ƙarya, ya duba ko kilon da ya shiga sito daidai ne, ta yadda duk ranar da wani ya karya abin, injin zai yi ihu. Mako biyu ina fama, wani dare sai na hau kan buhuna a bakin sito kafin sabis ya kama. Ranar da ya yi kore na saya wa abokina tsire.

Kwana uku bayan haka wani ɗan Sifaniya ya duba. Cikin ladabi ya gode, sannan ya nuna mini cewa akwai ƙarin da ke yin kusan wannan tun shekaru, wanda suke kira awo na biyu. Kowane kaya ana ba shi ma'auninsa na asali, a ƙara masa wani na biyu da adadin juyawa na shi kaɗai, kuma akwai 'yan'uwansa na saye da sayarwa da sito. Ya ce idan akwai abin da ya rasa, gara in ƙara a can da a sami abu biyu masu aiki ɗaya. Kwana biyu ban buɗe kwamfutar ba. Na ce a raina ai bai san kwano ba, bai taɓa ganin mai awo ya tare tozo da hannu ba. A na uku na sauke abin na gwada. Riɗi, kilo, awo na biyu kwano. Zoɓo haka. Ya yi. Dokarmu ta biyu da muka rubuta a Gumel, ni na fara karya ta, don na nema da kalmomin da ke kaina, su kuma da wasu kalmomin suka ajiye shi. Na janye nawa. Aikin shekara biyu ya koma layi ɗaya a jikin kowane kaya. Yanzu farkon kowace kaka nakan auna kwano 10 daga hannun masu awo daban-daban, in ɗora a sikeli, in raba, in sa adadin. Bambancin da ya rage bayan shiƙa da tankaɗe shi ke nuna mini wane yaro ke sayo mana ƙasa da kuɗin riɗi.

Don kada in fito hannu rabbana, sai na ɗauki wani ƙaramin ƙari da muke buƙata wanda ba a kai ga ɗauko shi zuwa siga ta 16 ba. Wani abu a ƙa'idar ƙaurarsu ya burge ni: ba ka kwafe rubutun ka liƙa kamar naka, sai ka taho da tarihinsa duka, sunan duk wanda ya taɓa sa hannu a ciki yana nan, naka ya zo a ƙarshe. Na miƙa a ƙarshen Yuni. Ƙa'ida ita ce sai mutum biyu sun duba sun amince, a bar shi kwana 5 ko wani na da magana, sannan ɗan kwamiti ya shigar. Na jira mako ɗaya, na jira biyu. Shiru. Na fara cewa a raina an raina mu ne.

Daga nan damina ta kankama, na shiga gonar gida. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, a Agusta aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari ta rikice, Kawu ya shiga neman hanyar da zai cike gurbin kayan da ke zuwa daga can. Na manta da GitHub sam. Ashe tun tsakiyar Yuli wani ya duba ya nemi in gyara wuri biyu. A Nuwamba, muna tsakiyar zoɓo, saƙon inji ya shigo: wata 4 ba motsi, idan aka ƙara kwana 30 a haka za a rufe. Wurin da nake zargin an yi mini shiru, ni ne na yi wa mutane shiru. Da daddare bayan an rufe sito na yi gyaran, idona na yaji da ƙurar zoɓo.

Sai maganar Kawu ta dawo mini. Na duba jerin gyare-gyaren da ke jiran dubawa a fannin sito kaɗai, na ga nawa ɗigo ne a ciki, kuma ban taɓa duba na kowa ba. Na ɗauka sai gwani ke dubawa. Ashe akwai dubawa irin ta mai amfani: kowane gyara da aka miƙa ana iya buɗe masa kwafin gwaji a intanet, ka shiga ka yi ciniki na ƙarya kamar yadda kake yi kullum, ka faɗi abin da ka gani. Wannan kuwa na iya. A Disamba na gwada guda shida. A ɗaya na gano idan aka mayar da rabin kaya lissafin ba ya komawa daidai, abin da ke faruwa da mu duk lokacin da aka dawo mana da buhuna daga Dawanau saboda danshi. Mai shi ya gyara ya yi godiya. Na koya wa Hajiya, cikin wata ɗaya ta fi ni, don akanta ce, ido ɗaya take yi wa rahoto ta ce bai daidaita ba. Ba zan ce wannan ne ya sa aka duba nawa ba, don ba wanda ya ce mini haka. Na dai san a Janairun 2024 mutum biyu suka amince, aka shigar. Na nuna wa Kawu sunana a ƙasan na wasu mutum bakwai da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Madalla. Nawa suka ba ka?"

Sauran ayyuka biyun da suka tsira a allo suna nan a gida. Malam ya gama takardun, bayan ya sha gardama da mutumin Ringim a kan ko a rubuta "ragowa" ko "balas". Malam ya ce balas ba Hausa ba ce, shi kuma ya ce a je kasuwa a tambaya. An bar ragowa a takardar manomi, balas a ta masu kemis. Fassarar ta tono mana wani abu ma: a sitonmu zoɓo kaya uku ne, wani ya rubuta da ƙugiya, wani ba ƙugiya, wani ya rubuta zoɓorodo, kuma kowanne da nasa lissafin. Mutumin Ringim bai fasa ra'ayinsa gaba ɗaya ba. Ya rubuta wani ƙari na masu kemis a kan uwar manhajar kaɗai, ya kulle, yana sayarwa, kuma lasisi ya ba shi dama. Malam bai ji daɗi ba, ni ban ga laifinsa ba tunda bai taɓa namu na tarayya ba, kuma duk zama yana zuwa. A zama na biyu Malam ya kawo batun a buga rasit da ajami, don da yawa daga masu kawo mana kaya shi suka fi iya karantawa. Kowa ya ce magana ce mai kyau. Hajiya ta miƙa alli, ba wanda ya karɓa, Malam kuma ya riga ya riƙe ɗaya.

Farkon 2025 abokina ya sami aiki a Abuja. Littafin kafin alƙalami, wanda na sa sunana na biyu a kansa ina ganin cike gurbi ne kawai, ya faɗo hannuna daidai lokacin ƙaura zuwa siga ta 18. Bayan azumi na zauna da aikin, abokina yana taya ni ta waya da dare idan ya tashi aiki. Mako uku ya ɗauke ni abin da shi zai yi a kwana biyu.

Ranar da na gama, na buga wa Kawu lissafin yaransa na Alhamis ɗin da ta wuce don in tabbatar. Har yau yana da nasa ɗan littafin a aljihun gaba, bai taɓa ajiye shi ba. Ya gwada, ya ce na ɗaya daga cikin yaran bai yi daidai ba, kayan da ya shigo da su sun fi kuɗin da ya kashe da kwano 7. Na koma na bi rubutun har tsakar dare ina neman abin da na karya. Da safe aka kira yaron. Ya ce, "Alhaji, ai gyara ce. Matan da na saya a wajensu kowace sai ta ƙara mini, ni kuma na juye a buhu." Ba a biya ta ba, ba a auna ta a ciniki ba, amma ga ta a sikeli. Babu inda manhajar ke ajiye gyara. Na rubuta ta a takardar zamanmu mai zuwa, na ja layi biyu a gefe, na bar su ba suna.